Benen Baba Ba Shi da Takarda

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi jefi-jefi.

Maganar gidan marigayi Baba ce. Mun samu mai saye, wani malamin makaranta daga unguwar Tudun Jukun, amma ya ce sai ya ga zanen gida mai hatimin hukuma. Ma'aikacin da ya zo awo ya ce benen da Baba ya ɗora kan zaure babu shi a zanen. Ya tambaye ni izinin gini. Na ce mai unguwa ya tsaya, maƙwabta sun shaida, an raba goro. Ya ce goro ba ya shiga fayil.

Yanzu ko takardar izinin gini, ko a rushe benen. Don Allah ka duba akwatin ƙarfen Baba da ke wurinka. In babu, ka zo da kanka. Ni dai ba zan kira magina su sauke ɗakin da ya koya mana karatu a ciki ba.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Shehu