Baba ya yarda a sa wa rijiya siminti

Tawa, daren Lahadi, farkon bazara, 1965

Yau na ci nasara a kan Baba, kuma rana ce ta taimake ni.

Shekara uku ina roƙon shi ya bari in ɗaure rijiyar ƙauyenmu Barmu da siminti. Kowace damina sai ta rubza, su Inna su koma ɗibar ruwan tabki. Kullum amsarshi guda: duniya ta kusa tashi, tunda nasara sun fara harba ƙarfe sama, mi za a yi da aikin shekara ɗari?

Da ya zo kasuwa yau, na zaunar da shi a shagona, na karanto mishi jaridar Faransanci da na aje. Ni da na yi lakwal, makarantar boko, na tsaya aji biyu a kwaleji, na fassara tas, ban yi tuntuɓe ba. Masana sun ce rana za ta kumbura ta mutu, amma sai bayan shekara miliyan dubu biyar. Wataƙila kafin nan 'yan Adam sun ƙaura wata tauraruwa.

Ya ce, “Da awakinsu?”

Na ce, “Har da jakkai, Baba.”

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, “Sa'ar tashin duniya Allah kaɗai ya san ta, ɗan lakwal.” Na ce haka ne.

Sannan ya ce, “In akwai sauran tahiya haka, mutane za su sha ƙishirwa. Kawo simintinka.”

Jibi zan loda simintin a kamyo, babbar motar kaya, da kaina.