Atisaye a Benen da Aka Kwashe

Litinin, 2 ga Oktoba

Hukumar birni ta ba mu tsohon dogon benen nan na bakin tashar jiragen ruwa, mu yi atisayen kashe gobara kafin a rushe shi. An kwashe mutanen tun bazara. Ba lantarki, ba lif. Da ƙafa muka hau, tukunyar iska a baya, mesa a kafaɗa. Abokina Ruud yana haki a bayana, wai in ya faɗi kada a gaya wa matarsa a hawa na uku ne.

Marloes, shugabar ayarinmu, ta ce ranar Jumma'a za a cinna wuta ta gaske a hawa na sha biyu, mu ga ko ruwa zai kai mana.

Talata, 3 ga Oktoba

Mun gwada bututun da ke kai ruwa sama. Yana kaiwa, amma ba ƙarfi. Za a gyara famfo.

Ina tsaye ni kaɗai a hawa na sha huɗu na ji ƙamshin soyayyar albasa. Ruud ya ce, "Cikinka ne, Jelle. Ci burodinka."

Laraba, 4 ga Oktoba

Yau da hayaƙin ƙarya muka yi. Ko tafin hannunka ba ka gani. Ina rarrafe a barandar sha huɗu, ina laluben ƙofofi, sai wani ya kama min wuyan hannu. Riƙo mai taushi, irin na wanda zai yi maka tambaya. Na ɗauka Ruud ne, na zage shi. Aka sake ni.

Na ɗaga na'urar ganin zafi. Ba kowa. Amma a jikin bango akwai shatin hannu, ƙarami, da ɗuminsa. Ina kallo ya dushe.

Na kira Marloes ta rediyo, ta ce duk sauran suna ƙasa da ni.

Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce?

Alhamis, 5 ga Oktoba

Yau na faɗa musu. Ruud ya tambaya ko fatalwar tana da ƙanwa. Marloes ba ta yi dariya ba. Ta ce masu rusau sun duba, 'yan sanda ma sun duba. Sai ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ba na kunna wuta a kan wataƙila. Ku ɗauko guduma."

Muka bi ƙofa ƙofa muna fasawa. A sha huɗu, ɗakin ƙarshe, muka same ta. Wata tsohuwa, sunanta Aaltje, zaune cikin barguna, ga ƙaramin risho, ga gwangwanayen abinci a jere. Hawa biyu kacal saman inda za mu cinna wutar. Ashe duk sanda aka zo dubawa, cikin kabad take shigewa.

"Da kun ƙwanƙwasa," in ji ta, "da na dafa muku kofi."

Da Ruud ya fita ɗauko kujerar ɗaukar marasa lafiya, na tambaye ta ko ita ta riƙe ni jiya. Ta yaye bargo. Ƙafarta ta kumbura suntum, ta yi baƙi.

"Ɗana, da wannan? Ko bakin ƙofa na daina kaiwa." Ta gyara bargon. "Amma maƙwabtana suna yawo kam. Ba kowa ne ya tashi ba."

Muka sauko da ita. A kowane hawa sai ta leƙa baranda ta gaida mutane da sunayensu, wannan ta tambayi bayansa, waccan ta tambayi jikokinta. A hawa na tara ta kasa kunne tana saurare, sannan ta gyaɗa kai. 

Jumma'a, 6 ga Oktoba

Mun sake bincike tun daga rufi har ɗakin ajiya na ƙasa, har da karnuka. Ba kowa. Aka cinna. Ruwa ya kai da ƙarfinsa, mun kashe ta cikin lokaci, manya sun yaba.

Ni ne a kan mesa. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Asibiti sun ce ba za a yanke ƙafar Aaltje ba. To, madalla.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ni da Ruud mun je duba hanyoyin fita a sabon benen da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ba a ko tare ba, fenti bai gama bushewa ba. Na buɗe wani ɗaki, wayam, sai na ji kaina na ce, "Ina kwana. 'Yan kwana-kwana ne, ba za mu daɗe ba."

Ladabi ne kawai, ba wani abu ba. Abin da ban so ba shi ne yadda na tsaya ina jiran amsa. Ruud ma ya tsaya.