Ma'aunin Kuran da Gobarar Ɗakin Hindatu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Is'haƙa ɗan Mahamadu, wanda mutanen Dogon Dutsi ke kira Mai Kuran saboda aikin wutar lantarki da na tsufa cikinshi. Da hannuna nake rubuta wanga, hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba, ba kuma wanda ya tilasta ni. Ciwon hanta ya ci jikina. Likitan Dosso ya sallame ni da maganin rage zafi kaɗai, na kuwa gane abin da bai faɗa ba. Malam Musbahu limamin unguwarmu da ƙanena Idi su ne shaiduna. Zuwa gare ku ɗiyana huɗu: Hakim, Luƙman, Hindatu, da autata Afra'u.

Na ɗaya. Gida da gonar Kiyeshe da tumaki gado ne, malamai su raba yadda Allah Ya ce. Roƙona kawai, duk yadda rabo ya faɗa, kada a tashi uwarku Altine daga ɗakinta.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar gobara ce. Kowanenku ya san gefenshi, to ku ji ta gaba ɗaya daga bakina.

Bara bayan girbi Hindatu ta sayi babban firigo, injin sanyaya kaya, don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo a Dogon Kiriya, inda take aure. Mijinta Mahmudu ya sayo faifan sola da batura, anka kira Luƙman, da ya gaji sana'ata, ya haɗa. A lokacin ma'aunin Luƙman ya lalace, wato pans ɗin nan mai baki da muke maƙala wa waya ya nuna yawan kuran da ke gudu cikinta. Sai ya je shagon wanshi. Hakim ya zaro mishi sabo daga kwalin da ya saro bakin iyaka, rawaya, mai sheƙi, bai karɓi ko dala ba. Luƙman ya auna, ma'auni ya nuna firigon ba ya jan wuta da yawa, sai ya ja siririyar waya ta bayan labule, ya dawo gida.

Da bazara ta tsananta, wata ranar kasuwa da azahar, wayar ta yi zafi ta kama labule. Hindatu na kasuwa, ɗiyarta Husna mai shekara uku na barci cikin ɗakin. Wata maƙwabciya ce ta jiƙa zanenta ta shiga ta fiddo ta. Allah Ya bar mana yarinyar, amma wuyanta da hannunta na dama sun ƙone, yatsunta biyu sun manne har yau. In ta zo gaishe ni da hagu take miƙo mini ruwa, tana ɓoye ɗayan cikin riga.

A farfajiyar asibiti, gaban surukanmu, Luƙman ka ce wa wanka, “Kai ka ƙona ta, kai ka ba ni ma'aunin ƙarya.” Kai kuma Hakim ka ce, “Ni ɗan kasuwa ne, kai ne ma'aikaci, ina idonka yake?” Tun ranar ba ku sake gaisawa ba. Hindatu kuwa ba ta shigowa gidan ubanta sai ta aiko an duba ko kuna ciki.

Dangin uwata na Lugu sun ce doguwa ce ta ratsa ɗakin. Ban yi gardama da su ba, kuma Hakim kada ka sake zaginsu, jininka ne, su ne sunka fara zuwa jaje da damman hatsi. Amma ni na je na ga wayar da idona. Na kuma karɓi ma'aunin rawayan na gwada shi a gida. Na kunna dutsen guga, na maƙala nawa, na maƙala shi. Abin da ya nuna da ƙyar ya wuce rabin abin da nawa ya nuna. Na kai shi kan wayar batir, bai motsa ba sam, ga shi a jikin kwalinshi an rubuta shina iyawa.

To Hakim, ƙanenka bai yi maka ƙazafi ba, ma'aunin maƙaryaci ne, kuma ka saro abin da rayukan mutane ke rataye kanshi ba ka sa an gwada ba. Luƙman, wanka ma bai yi ƙarya ba. Firigo mai wannan girma, ko ba ma'auni ya kamata zuciyarka ta ƙi siririyar waya, kuma ba ka sa fis ɗin da zai katse wuta in ta yi yawa ba. Kowa ya ɗauki nashi. Babu wanda ya nufi Husna da sharri cikinku, na sani, na ga kukan kowanenku a ɓoye.

Na uku. Tsohon ma'aunina na ba Afra'u kyauta ina da rai, gaban shaidun nan biyu, ta kuma karɓa. Hakim, ka san ba a yi wa magaji wasiyya, shi ya sa na yi haka, kada a sa shi cikin gado. Luƙman, kada ranka ya ɓaci. Afra'u na gama koyon aikin kuran a makarantar koyon sana'a bana, ba ta da kayan aiki ko ɗaya, kuma na lura ba ta jin kunyar sake awo sau biyu. Amma ku sani ya tsufa kamar mai shi. Lambobinshi na dushewa cikin rana, kuma na saye shi tun sola ba ta shigo Arewa ba, ba ya karanta wutar batir. Dole gidan nan ya sami sabo.

Na huɗu. Bayan an share makokina, Hakim da Luƙman ku shiga mota ɗaya ku tafi Yamai ku sayo shi. Ba aike, ba waya, ku biyu da ƙafafunku. Ga yadda za ku zaɓa.

Kada launi ko yawan maɓallai su ruɗe ku. Ku fara da bakin: ku buɗe ku saki, ya rufe ƙam ba rata, don in akwai rata ko ta tsinke ce awo ya ɓaci. Ku tabbata bakin na karanta wuta iri biyu, ta kontar gida, wato mitar wuta, da ta batir, don yawancin masu araha ta farko kaɗai suke gani, gidajen ƙauyukanmu kuwa yanzu sola ce. Ku nemi wanda ba ya ruɗewa da wutar da injin juya wutar batir ke fitarwa, mai shagon kirki ya san shi in kun tambaya. Ku taɓa wayoyin gwajinshi biyu, ja da baƙa, su kasance masu kauri, robarsu ta rufe ƙarfen har kusa da tsini, don can ne hannun mutum yake. Ku fita da shi rana ku ga ko lambobin na karantuwa. Sannan ku tafi da dutsen gugar uwarku da ma'aunin Afra'u cikin jaka. Ku kunna shi a shagon, ku maƙala wa waya ɗaya tak, ba biyu tare ba, ku gwada da na Afra'u. In sun yi daidai ku saya. Mai shagon da ya hana ku gwaji, ku yi mishi sallama ku wuce. Luƙman ya zaɓa, Hakim ya yi ciniki, kowa da abin da ya iya.

Na biyar. Wanga ya fi ciwon cikina damuna. Hakim, kwalin nan ba guda ɗaya ke cikinshi ba. Na ji ka janye sauran daga kan kantar shagonka, Allah Ya yi maka albarka, amma ka farfasa su, kada wata rana wani ya gan su ya sayar. Waɗanda sunka riga sunka fita fa? Na san wani mai gyara daga Tibiri ya sayi ɗaya, kai ka san sauran. Suna can suna auna gidajen mutane da shi, akwai yara na barci cikin ɗakunan. Ka bi su ɗaya ɗaya ka karɓo, ko da za a ce kayan shagonka ba su da kyau. Luƙman ya raka ka, ya duba aikin da anka yi da su.

Na shida. Likita ya ce ana iya raba yatsun Husna a Yamai in ta ƙara girma kaɗan. Wannan nauyin kawunnanta biyu ne, ba na Mahmudu kaɗai ba. Mahmudu mutumin kirki ne, bai kai ƙara ba, bai kuma taɓa yi wa ɗiyata gori da 'yan'uwanta ba. Ku girmama shi.

Hindatu, ke ban ba ki umarni ba. Ke kinka kwana da yarinyar nan tana kuka, ba ni da bakin ce miki ki manta. Roƙo nake, in sun zo ƙofarki tare, ki amsa sallamarsu. Abin da ya wuce haka ki bar wa zuciyarki da lokaci.

Ban sani ba ko za ku yi abin da na ce. Na so in ga sulhunku da idona, na kira ku sau da yawa, kowa ya zo shi kaɗai. Da wanga baƙin ciki zan tafi, ba zan ɓoye muku ba. Duk da haka na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku daga cutar da bayinSa, Ya ba Husna lafiya, Ya ba Altine haƙurin rashina.

Ku riƙe juna. Kowace Juma'a uwarku na tuƙa tuwo ta raba kwano kwano ta aika gidajenku, tana share hawaye da bakin zane tana cewa hayaƙi ne. Ku zo ku ci a gabanta.