Direbana Yana Shiga Kicin Kafin A Kawo Min Abinci

Gwaggo, don Allah ki taimaka min da shawara kafin ranar Litinin. Akwai takardar ƙorafi a jakata, na rubuta na sa hannu, kuma idan na miƙa wa manaja wani dattijo zai rasa aikinsa. Kwana huɗu ke nan ina ciro ta ina mayarwa.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai sayar da injinan ban ruwa. Duk inda aka kafa injinmu ni ake turawa in duba, wani lokaci kwana uku a hanya, wani lokaci mako guda. Ana ba mu kuɗin abinci, amma ba ya kai mutum manyan wurare, ni kuma cikina ba ya ɗaukar na bakin titi. Da can waya nake dubawa, inda na ga an ba taurari biyar in ce a kai ni. Sai ka shiga ka tarar da sanyi da kujeru masu laushi, a kawo maka shinkafa cokali huɗu a tsakiyar faranti kamar nuna maka ita aka zo yi, ka biya kuɗin kwana biyu ka fito da yunwarka. In na ce bari in nemi mai araha, in wuni ina zaryar banɗaki.

Da na gaji sai na bar wa direbanmu zaɓin. Baba Sannu muke ce masa, don ko gobara ake yi ba zai taka mota ba. Shekararsa goma sha tara a kamfanin, saura ɗaya ya ajiye aiki a ba shi haƙƙinsa. Gaskiya ya san wurare. Zai bar babban titi ya kutsa wani lungu, ya zagaya ta bayan gidan abincin a hankali yana leƙe, wani lokaci ya girgiza kai mu wuce, wani lokaci ya tsaya. Inda ya tsaya kuwa za ka ƙoshi, kuɗin kuma daidai aljihu. Shekara biyu muna haka ban taɓa zarginsa ba.

To Gwaggo, wajen wata bakwai ke nan mutumin nan ya canza. Da mun tsaya sai ya ce in shiga in zauna, shi kuma ya bi ta ƙofar baya. Sau uku ina miƙewa kamar zan wanke hannu ina leƙa shi. Yana tsaye a kicin da mai abincin, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun gaban rigarsa ya nuna, ya mayar. Meye a takardar nan? Da na tambaye shi me yake yi a can, sai ya yi 'yar dariya ya ce tsohuwar sanayya ce. Kowane gari tsohuwar sanayya, sai ka ce shi ya raɗa musu suna!

Kuma tun daga lokacin nawa farantin ne ke zuwa a ƙarshe. Wanda ya shigo bayana ya ci ya tafi ina zaune. In ya zo kuma lami, babu gishiri babu mai, in na ce soyayyar kaza a kawo dafaffiya a ce ta ƙare, alhali ga ta nan a teburin kusa da ni. Kuɗi kuwa cikakke nake biya. Shi Baba Sannu ban taɓa ganin ya sa hannu a aljihu ba, nasa kyauta ne, har da ƙarin nama.

Na ba abokin aikina Dogo labari, ya ce ni ne ban waye ba. Wai direbobi da masu abinci bakinsu ɗaya, a rage wa baƙo kayan haɗi a raba ribar, takardar kuma ta yarjejeniyarsu ce. Har ya ce in yi hankali, ban san me ake barbaɗa min ba. Tun ranar ko ruwa Baba ya miƙo min sai na duba murfin.

Abin da ya fi ƙona min rai, na yarda da mutumin nan fiye da kowa. Wata bakwai da suka wuce jiri ya kwashe ni a bakin wata rijiya, shi ya kinkime ni zuwa asibiti. Aka ce hawan jini ne, likita ya haɗo ni da ƙwayoyi da wata doguwar takarda ta kada ka ci kaza kada ka ci kaza. Na cusa ta a ɗan akwatin nan na gaban mota, ban ma san inda ta shige ba. Ban gaya wa ofis ba don kada a cire ni daga tafiye-tafiye, ban gaya wa maiɗakina ba don tana da saurin tashin hankali. Shi kuma na ja masa kunne sosai, na ce kada in sake jin zancen nan a bakinsa, ko a gabana ko a bayan idona. Ya riƙe, ban musa ba. Amma ko don ya ga yana riƙe da sirrina ne ya sa yake ganin zai ci da gumina ba abin da zan iya? Wallahi raina a ɓace yake, ina jin kamar an mayar da ni wawa.

In miƙa takardar, ko in nemi a canza min direba shiru? Kuma in an canza, ta yaya zan riƙa gane wurin cin abinci na kirki da kaina?

Naki,
Mai Jaka a Kafaɗa

Amsa

Ɗana Mai Jaka a Kafaɗa, ka ajiye takardar nan tukuna, Litinin ba ta ƙarewa.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Haƙƙinka ne ka san abin da ake zuba maka a faranti, kuma duk wanda ya ga ana ƙus-ƙus a kan abincinsa dole ransa ya sosu. Zancen cin kyauta ma ba ƙarya Dogo ya yi ba, masu abinci da yawa suna ciyar da direban da ya kawo musu baƙo. Sai dai ka ce shekara biyu yana ci haka kana ƙoshi, kuɗi kuma daidai. Wanda ke neman riba a kanka wurin tsada zai kai ka, ba zai sa a tsaya ana dafa maka naka daban ba. Dafa wa mutum ɗaya daban wahala ce ga mai abinci, babu ribar da ke ciki.

Yanzu ka sake karanta wasiƙarka, a hankali kamar tuƙin Baba. Wata bakwai da ka faɗi a bakin rijiya. Wata bakwai da ya fara bin ƙofar baya. Takarda ta ɓace a akwatin gaban mota, takarda ta bayyana a aljihun direban motar. Abincinka ya koma babu gishiri, babu mai, babu soye. Ni ban ga takardar da idona ba, don haka ba zan rantse ba, amma ka tambayi kowace ma'aikaciyar jinya me ake hana mai hawan jini, za ta lissafa maka abin da ya ɓace daga farantinka. Ka kuma tambayi kanka sau nawa jiri ya sake kwasarka a hanya tun lokacin.

Ka ce ya ƙi gaya maka gaskiya. To wa ya hana shi? Kai ka ce kada ka sake jin zancen a bakinsa ko a gabanka. Yana da nasa kuskuren, babba ba ya son a yi masa dabara a ɓoye ko da don lafiyarsa ne, kuma masu kicin sun ga abin da ka so ka rufe. Amma ƙofa ɗaya ka bar masa, ita ce ta baya.

A tafiyarku ta gaba, kafin ku sauka daga mota, ka ce masa ka janye waccan maganar, ka roƙe shi ya nuna maka takardar. Cikin ladabi, ya haife ka. In ta yarjejeniya ce kamar yadda Dogo ya ce, takardar ƙorafinka tana nan ba ta ruɓewa. In ta likita ce, ka karɓi abarka ka riƙa shiga kana faɗa da bakinka.

Batun gane wurin abinci kuwa, malamin yana gefenka kana neman a kore shi. Zagayen da yake yi ta baya, wurin wanke-wanke yake dubawa da kwata da inda ake zubar da shara, domin gaban gida kowa yana iya share shi. Ka ƙara da naka: ka je da tsakar rana, ka ga inda ma'aikatan unguwar suke cika, ka tambayi kuɗi kafin ka zauna, ka fi yarda da mai abinci kala uku da ke ƙarewa da wuri a kan mai kala talatin. Saura shekara ɗaya Baba ya tafi, ka sayi ɗan littafi ka rubuta wuraren nan tun yana kusa. Ka koma wurin likita, ka kuma gaya wa maiɗakinka, gara ta ji daga bakinka da a kira ta daga asibiti.

Abu na ƙarshe. Da ka miƙa ƙorafin nan, manaja zai kira Baba ya ce ya fito da abin da ke aljihunsa. In zatona daidai ne, ko ya fito da takardar likitan a cire ka daga tafiya, ko ya yi shiru ya tafi gida hannu wofi bayan shekara goma sha tara. Kai ka fi ni saninsa. Mutumin da ya yi wata bakwai kana harararsa a kan faranti bai buɗe baki ba, kana ganin wanne zai zaɓa?

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kai ku Ya dawo da ku lafiya. Ka gaishe min da Baba.

Gwaggo