Kwaɗon Ƙarƙashin Randa

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, tsakar gidanmu, Batsari. An kwana ana ruwa. Na tsinci kashin kwaɗo a gindin randa: baƙi, tsawonsa gaɓar ɗan yatsa, da fukafukan shinge a ciki. Kwaɗon na Yaya Muntaka ne. Tun da mutanen daji suka sako shi, bayan sun ɗauke shi a gonarsa ta Wagini, bai yi magana da kowa ba. Tuwo loma biyu yake ci. Yini yake a tsugune yana miƙa wa kwaɗon gyare da tsinke.

Laraba, 3 ga Yuli

Inna ta ce ƙazanta kusa da ruwan sha ba ta yarda ba. "Ke da kika karanto halittu a jami'a, yi masa dabara. Amma kada yayanki ya nema ya rasa." Ba ta taɓa kiran sunansa, ɗan fari ne.
Na wanke baho, na zuba tsakuwa ƙanana masu tsabta, na mayar da kwaɗon ciki. Yaya ya kalle ni. Ya jawo kujerarsa kusa da bahon.

Asabar, 6 ga Yuli

Kwaɗon yana ci sosai. In zai haɗiye sai ya runtse, idanun su nutse su tura abincin ƙasa. Kashi babu. Sanyi na rage narkewar abinci, wataƙila shi ne.

Talata, 9 ga Yuli

Har yau babu. Ya ƙi gyare. Cikinsa ya kumbura ta hagu, na taɓa a hankali na ji tauri. Kwaɗo ba ya tauna, duk abin da harshensa ya manno wucewa yake. Tsakuwar da na zuba ya haɗiya. Na san wannan, mun yi shi a aji uku, na ma amsa shi a jarrabawa.
Yau ko loma biyun Yaya bai yi ba. Inna ta ɗauke kwanon, ta daɗe a madafa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na kwashe tsakuwar. Ruwa mai ɗan ɗumi, iya haɓarsa, na shafa gefen cikin da ɗan yatsa. A'isha maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Nazifa, digirin ke nan? Ungozomar kwaɗi?" Na yi dariyar dole.
In ya mutu, ban san abin da Yaya zai kalla ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Babu.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bayan la'asar, yana cikin ruwan ɗumi, ya yi. Babba, har ban yarda daga jikinsa ya fito ba. Na fasa da tsinke: ɓawon ƙwaro da tsakuwa biyu. Ina ƙoƙarin aunawa na ji muryar Yaya a bayana, a dushe.
"A can ma haka ne. Ran da cikin mutum ya saki, mun san zai kwana."
Ban juya ba. Na ji tsoron in na juya zai daina.
"Mayar da shi gindin randa, Nazifa. Ba ya son a tsare shi."
Na mayar. Inna na gani, wuri kawai ta share.

Abin da ban sani ba har yanzu:
Ko da sauran tsakuwa a ciki.
Ko zai ci gobe.
Su wa Yaya ke nufi da "mun", da ko duk sun dawo.
Loma nawa ya yi da magariba. Ban ƙirga ba, muna kwano ɗaya.