Haƙoran Hadizatu da furen Yaya Laraba

Dandin Mahe, ta Shagari
9 ga Yuli, 1983

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali a Ikko. Mu nan lafiya lau, damina ta sauka, gero ya tsiro da kyau, sai dai tsadar kaya da ta hana kowa sakat.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne 'yarka Hadizatu, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai mata ta Bodinga. Kafin azumi ta faɗi daga bayan babur a hanyar Kajiji, haƙoranta biyu na gaba suka karye rabi. Na kai ta Sakkwato, likitan haƙori ya kwaɓa wani farin ƙulli mai kalar haƙori, ya gina mata abin da ya gutsure, ya goge. Wallahi ko ni da na haife ta ban iya nuna inda cikon ya fara ba. Ya ja mana kunne cewa ta nisanci goro da duk abin da ke rina baki, domin cikon yana shan launi.

Ka san halin Yaya Laraba. Tana ganin yarinyar ta ce wannan wane irin baki ne fari fat kamar na mai jinya, alhali 'ya mace da jan haƙori aka san ta. Ina gona ta zaunar da ita, ta goga mata furen taba, ta bi da goro, kwana da kwanaki, ita kuwa kunyar gwaggonta ta hana ta musu. Da ta sa asuwaki, haƙoran Allah suka koma fari, ciko kuwa ya riƙe launi, ya yi duhu kamar tsatsa. Daga ƙofar gida ana hango shi. Na yi faɗan da ban taɓa yi wa Yaya ba, har yanzu raina a ɓace yake.

Mun koma Sakkwato, likita ya goge, bai fita duka ba. Ya ce sai an kankare an sake, amma ƙullin ya ƙare, tun da aka tsuke shigo da kaya ba su samu wani ba. Bayan babbar Sallah za a zo duba koyarwar Hadizatu a gaban aji, jarrabawar da za ta ba ta takardar malanta ke nan. Ta ce ita ba za ta tsaya yara na kallon bakinta ba, gara ta bar makarantar. Maniru, tsoro nake ji, don na san in ta kafe ba ta juyawa.

Ga sunan ƙullin nan likita ya rubuta, na haɗo maka. Don Allah ka zaga shagunan kayan asibiti na Ikko, in ka samu ka ba wani direban motar albasa mai dawowa gida ya kawo.

Ka gaida Aminatu da su Isa. Yaya Laraba ma tana gaishe ka. Ta zubar da furenta, ita da ba ta kwana babu shi tun tana budurwa, ta daina goro, haƙoranta sun koɗe. Yanzu mata biyu ke gare ni a gida da ba sa magana sai da gefen zane a baki.

Naka yayanka,
Mijinyawa