Isufu zai koma gobe

Buza, daren Lahadi, kakar 1947

Ɗana Isufu ya ce a Sakkwato, gidan Baturen da yake wa kuku, kowane ɓacin rai da sunansa a Ingilishi. Na mai jin yunwa daban, na yaro mai zumɓura baki daban, na wanda aka wulaƙanta daban. Ya yi dariya ya ce, "Inna, naki wane na? Tun da niz zo ba ki saki huska ba."

Na ce ɗan kirki ba ya auna fuskar uwarsa. Gaskiya na faɗa.

Da asuba zai tafi, yana zaton fushi nake yi. Na daka masa garin guzuri fiye da abin da zai iya ɗauka. So nake ya zauna. Ban taɓa roƙon ɗa ba, ban san ta inda ake farawa ba.